Aiken Ya Kaka

Laifin nawa ne, ba sai an gaya mini ba. Ni na ɗauko talabijin daga ɗakina na kafa a tsakar gida, ni na shimfiɗa wa Ya Kaka darduma, ni na ce mata, "Zo ki ga jikarki a bakin aiki." Da na bar tsohuwa tana jin labari a bakin mutane yadda ta saba, da an zauna lafiya.

Sunana Kaumi, direba ne ni a tashar Kazaure, shekara ashirin da bakwai ina layin Babura. Ya Kaka mahaifiyata ce, haka kowa yake kiranta har mu da ta haifa. Jikar kuwa Zulaikha ce, 'yar yayana Muhammad Auwal, Allah ya jiƙansa. Shi ma direba ne. Ya rasu a hanyar Roni tana da shekara tara, riƙonta ya koma hannun Ya Kaka, tuƙi kuma ta koya a hannuna. Na ɗora ta a kan filo a filin bayan dam don ta hango gaba, cikin mako biyu ta fi rabin mazan tasharmu iya komawa da baya. Daga nan karatun injiniya ya kai ta Turai, abokan karatu suka ja ta tseren ƙananan motoci don nishaɗi, ta cinye su. Aka kai ta na gaba ta cinye. Shekara bakwai ana ciyar da ita gaba, sai ga ta a babbar gasar, wadda ake nunawa a duniya duk ranar Lahadi: mota ashirin, ita kaɗai ce mace.

Motar ma abin kallo ce. Kujera ɗaya, ƙasa-ƙasa kamar kwalekwale, ba hon, ba wurin da za ka sa ko da tiyar gero. Mutanen tasha suka ce motar da ba ta ɗaukar fasinja ai ba mota ba ce. Na ce su ci gaba da surutu, su da ko Kano ba sa zuwa sai injin ya tafasa sau biyu.

To, ranar da na kafa talabijin ɗin, bayan la'asar ne. Na nuna wa Ya Kaka koriyar mota na ce ita ce ta Zulai. Ana saura zagaye uku a gama, Zulaikha ta matse wata farar mota a kwana, ta kutsa ta ciki, taya ya kusa taɓa taya, ta wuce fuu. Ta zo ta huɗu, abin da ba ta taɓa yi ba. Matata Shatu ta rangaɗa guɗa, ni kuma na tashi ina zagaye turmi.

Sai aka nuno direbobi suna fitowa. Mai farar motar ya cire hular kwano, sai ga kai fari fat, gemu ma haka. Shekararsa arba'in da huɗu, shi ne ya fi kowa tsufa a gasar. Sunansa ba ya faɗuwa a bakinmu, a tasha Baba Furfura muke ce masa.

Ya Kaka ta ajiye goron da take gogawa.

"Kaumi, wannan dattijon shi ne a farar motar?"

"Shi ne."

"Shi ta wuce ɗazu?"

"Shi fa. Kin ga yadda ta yi masa kuwa?"

"Na gani. Ta gaishe shi?"

Na ce, "Ya Kaka, gudun da suke yi, daga nan zuwa Babura minti goma ba za ta cika ba."

"Ban tambaye ka gudu ba. Kira mini ita."

A gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a hannun Ya Kaka ya san wannan, yaro ba ya wuce babba a hanya. In ka cim masa sai ka rage tafiya, ka gaishe shi, ka bi shi a baya har ya kai inda za shi ko ya ratse. Ni da kaina na taɓa bin wani tsoho mai ciwon ƙafa daga masallacin Juma'a har bakin kasuwa, abincina ya huce a gida.

Zulaikha ta ɗauki waya tana haki tana dariya. "Ya Kaka, kin gan ni?"

"Na gan ki. Duniya ma ta gan ki. Mutum sa'an ubanki, kika goge shi kika wuce kamar kin wuce tukunya. Haka na rene ki?"

"Ya Kaka, tsere ne fa. Aikin ke nan, a wuce mutum."

"Ki wuce sa'anninki, ban hana ba. Amma in kika sake wuce dattijon nan, ban yafe ba."

Ni dai na zauna a kan turmin da nake zagayewa. Wanda bai san Zulaikha ba zai ce ai za ta ce to a waya, ta je ta yi abin da ta ga dama, wa zai bi ta Turai? Ni na san ta. Yarinyar da tsohuwar nan ta goya, ta yi wa tsifa, ta kai makaranta da hannunta, ba za ta taka "ban yafe ba" ɗinta ba ko za a ba ta duniya.

Lahadin da ta biyo baya ta tashi a bayansa. Ta wuce samari bakwai, ɗaya bayan ɗaya, har ta iso bayan farar mota, sai ta lafa. Zagaye talatin tana binsa kamar raƙumi da akala. Ya ƙare na goma sha biyu, ta ƙare ta goma sha uku. Masu sharhi suka ce tattalin taya take yi, dabara ce ta masu ilimin injiniya.

Na ce to, Allah ya sa wani makon ta tashi a gabansa. Aka yi sa'a ta tashi ta uku, shi yana can ƙarshe. Abin da na manta shi ne tseren nan ba miƙaƙƙiyar hanya ba ce, zagaye ake yi sau hamsin da wani abu. Ta yi ta zuba gudu har ta zagayo ta tarar da shi ta baya. Ya kauce mata gefe yadda dokarsu ta ce. Ta kauce tare da shi. Ya koma ɗaya gefen, ta bi shi. Duk waɗanda ta bari a baya suka zo suka wuce su biyun, suna waiwaye.

A tsere na uku injinsa ya mutu, ya gangara gefen hanya. Zulaikha ta taka birki ta leƙa ko lafiya, yadda muke yi wa juna a hanyar Babura, sai da ya ɗaga mata hannu sannan ta tafi. Mota biyar suka wuce ta a wannan leƙen. Ya Kaka ta ce, "Yawwa. Yanzu na ga tarbiyya."

Tasha kuwa ta zame mini wuta. In na shigo sai wani ya ce a matsa wa baffan mai ladabi. Wani ya ce a tambaye ta ko za ta zo ta riƙa raka tsofaffi asibiti. Na daina shan shayi a can.

Ranar Talata Zulaikha ta kira ni. Muryarta ba dariya.

"Baffa, sun kwance motar gaba ɗaya ba su ga komai ba. Sun kai ni likitan ido. Ƙarshe na gaya wa shugaban ƙungiyarmu gaskiya."

"Me ya ce?"

"Ya ce in nuna masa a wane shafi na littafin doka aka rubuta. Baffa, Lahadin nan ce ta ƙarshe a bana. Ya ce in ban shiga cikin ukun farko ba, kujerar ta zama ta wani. Akwai mutum ɗari da suke jiranta. In na sauka ba mai sake ɗora ni."

"To ki wuce shi mana, 'yata. Ni zan tare miki tsohuwar."

"Ba zan iya ba. In na hango bayansa ƙafata da kanta take sauka daga totur."

Na ce ta ba ni kwana huɗu.

Dabarar farko, na sa Zulaikha ta je ta samo Baba Furfura da kansa, aka haɗa shi da Ya Kaka a waya ido da ido, Zulaikha tana tafinta. Bawan Allah ya dafa ƙirji ya ce shi ya yarda, ya ma roƙa a wuce shi, don yarinyar nan ta hana shi barci, duk inda ya duba madubi ita yake gani. Ya Kaka ta saurara har ya gama tana gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Kin ji dattako ko? Mutumin kirki irin wannan za ki wuce? Ce masa ina gaida iyali."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce tunda ji bai yi ba, bari a gwada gani.

Ranar Alhamis akwai barkar haihuwa a Roni, na ce ni zan kai Ya Kaka. Na san lokacin da Daudu yake fita. Daudu tsoho ne mai wata akori-kura da ta girme ni, yana ɗaukar harawa zuwa Roni da Gwiwa, kuma tunda nake ban taɓa ganin ya sa giya ta uku ba. Muna fita gari na cim masa, na lafe a bayansa. Ya fito da hannu ya yi mini alamar in wuce. Na ƙi. Ya sake yi. Na leƙa na ce, "Ina kwana, Baba," na koma na zauna.

Tafiya muke kamar ƙwai ya fashe wa motar a ciki. Harawa tana zubo mana a gilashi. Motoci suka taru a bayana suna hon, wani ya zage ni har kakata, wadda ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Mai keke ya jera da mu yana ba ni labarin farashin taki. Ina satar kallon Ya Kaka ina jiran ta ce Kaumi wuce mana, rana tana yi, in ce mata ai babba ne.

Ta gyara zama ta ce, "Rabon da in ji daɗin mota irin na yau har na manta. Ashe ka iya tuƙi."

Na ciji leɓe. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Muna cikin haka sai ga Halliru ɗan acaɓa, magidanci ne a unguwarmu, ya taho a guje da ƙullin magani a gaban babur. Ya wuce ni, ya wuce Daudu, ya ɗaga hannu ɗaya yana cewa, "A gafarce ni, aike ne!"

Ya Kaka ta ce, "Allah ya kai ka lafiya."

Na juyo. "Ya Kaka, Halliru fa ya wuce Daudu. Daudu ya haifi ubansa."

"Ba ka ji ba? Aikensa aka yi. Wanda babba ya aika ba da ƙafarsa yake tafiya ba, da ƙafar wanda ya aike shi yake tafiya."

Na ce, "To ai ke kin haifi Baba Furfura. Ki aiki Zulai mana."

Na ɗauka kunnen uwar shegu ta yi da ni, na buɗe baki zan maimaita, sai na ga ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya kai ɗaya gefen. Na duba inda ta ƙi dubawa. Mun iso kwanar tsamiya. A nan yayana ya fito zai wuce wata babbar motar gyaɗa, wata ta taho ta gaba.

Shekara goma sha biyar ke nan tun ranar ina bin hanyar nan, na saba har na daina gani. Ita kuwa ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, yana raye ko bayan ransa. Ranar da aka kawo gawarsa ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don kunyar ɗan fari. Ni da nake taƙama na san uwata, sai a ranar na gane ba gaisuwa ce ta dame ta ba. Ta ga taya ya kusa taɓa taya, ta tsorata, kuma ba ta da bakin da za ta ce tsoro take ji, sai ta ɗauko abin da take da bakin faɗa. Kunya ta kama ni, tausayinta ya cika mini ciki. Na bi Daudu har cikin Roni ban ƙara tayar da maganar aike ba, a dawowa ma haka.

Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce. Zulaikha ta kira, na ce mata ban samu ba, ta yi haƙuri. Ta ce ba komai, Baffa, ai akwai layin Babura. Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Ranar Lahadi bayan azahar ina kwance a ɗaki, na rantse ba zan kalla ba, sai na ji Ya Kaka daga tsakar gida.

"Kaumi, yau ba za a fito da akwatin ba ne?"

Na fito da shi. Ba a fara ba tukuna, ana ta nuna taron jama'a da makanikai. Sai aka nuno kofuna uku a kan tebur, babba da matsakaici da ƙarami, farare tas, kowanne da gindi da faffaɗan baki. Ya Kaka ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Waɗannan na sayarwa ne?"

"Na ukun farko ne. Kowa ɗaya."

"Kaskon turarena ya tsage tun watan jiya, na faɗa a gidan nan ba wanda ya kula." Ta miƙo hannu. "Kira mini ita."

Muka same ta tana shirin sa hular kwano.

"Zulai."

"Na'am, Ya Kaka."

"Aikenki zan yi. Kin ga kasaken nan uku da suka jera? Ki ɗauko mini ɗaya. Ƙaramin nake so, babban zai ci gawayi. Duk wanda kika tarar a hanya, babba ne ko yaro, ki ce masa ni na aike ki."

Zulaikha ta ce, "Har dattijon?"

"Na girme shi. Ki dai nemi gafara, ba a wuce mutum kamar dabba. Kuma ki ji da kyau. Ɗan aike ba ya zama a hanya. Ba na son a ba wani ya kawo mini. Hannunki zuwa hannuna."

"In sha Allahu, Ya Kaka."

Ta miƙo mini wayar ba ta dube ni ba. Tana gyara bakin darduma ta ce, a hankali, "Shi wancan, ranar ban aike shi ba."

Yayana take nufi. Shatu ta tashi ta shiga madafa, alhali ba abin da ta ɗora.

Zulaikha ta tashi ta shida. Kafin zagaye na goma ta zama ta huɗu, a na ashirin da biyar ta zama ta uku. A na talatin da takwas ta zagayo ta hango farar mota. Masu sharhi suka fara dariya tun kafin ta isa, ɗaya ya ce ga mai rakiya ta iso. Na ga koriyar mota ta lafa a bayansa, kwana ɗaya, kwana biyu. Da suka fito miƙaƙƙiyar hanya sai ta fita gefe, ta ɗaga hannun hagu daga sitiyari. A gasar nan ana sako maganar da direba yake yi da mutanensa a rediyo, sai duniya gaba ɗaya ta ji muryar 'yar Kazaure da Hausa tsantsa:

"Baba, a gafarce ni, aike ne."

Ta wuce. Baba Furfura ya ɗaga hannu shi ma, daga baya ya ce tunda yake tsere ba a taɓa wuce shi ya ji daɗi ba sai ranar. Masu sharhi suka shiga neman wanda zai fassara musu, wani ya ce wata sabuwar kalmar sirri ce ta injiniyoyi.

Ya Kaka ba ta ga ko ɗaya ba. Tun da aka tashi idonta a rufe yake, carbi yana tafiya. Sai dai ta ce, "Ta wuce?" in ce ta wuce. "Lafiya?" in ce lafiya.

A zagayen ƙarshe wanda yake na biyu ya fita gefe da yawa a kwana, Zulaikha ta shige. Ta ƙare ta biyu. Kujera ta tsira, har da ƙarin shekara biyu. Washegari na je tasha na zauna a tsakiyar benci na sha shayi kofi uku, ina kallon kowa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan kwana tara na ɗauko ta daga filin jirgin Kano, kofin yana kan cinyarta a naɗe cikin zani. Ta cire takalmi a ƙofar ɗakin Ya Kaka, ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu.

"Na dawo, Ya Kaka. Ga aiken."

Tsohuwa ta kwance zanin, ta juya kofin, ta ƙwanƙwasa gindinsa da farce, ta leƙa ciki.

"Wannan ai matsakaicin ne. Ƙaramin na ce."

"Shi suka ba ni."

"Yaran yanzu, a aike ku abu ku kawo wani. To, baɗi sai ki koma ki ɗauko wanda na ce."

Zulaikha ta fashe da dariya, ta yunƙura za ta tashi ta gaida Shatu, sai ta kasa. Na duba na ga dalili. Kofin yana gefe a kan tabarma, ya ma kife, ba mai kula shi. Hannun Zulaikha Ya Kaka ta riƙe, da hannu biyu, kuma har aka kira la'asar ba ta saki ba.